Kiyub ɗin da nake buɗewa a Manim yana tsukewa a tsakiya, fuskokin baya kuma suna hawa kan na gaba

MaiAlli ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman taimakon waɗanda suka san kan Manim, manhajar yin bidiyon lissafi da Python, ko Blender, manhajar ƙera siffofi masu jiki da motsa su.

Aikin bidiyo ne na minti biyar da Hausa, don 'yan ƙaramar sakandare, a kan siffofi masu jiki. So nake yaro ya ga kiyub yana buɗewa kamar kwalin sabulu har ya kwanta a ƙasa, murabba'i shida ras. Sai silinda ta warware kamar an ɓare takardar jikin gwangwanin madara, ta zama shimfiɗa mai faɗin 2πr. A ƙarshe a ƙirga ɗigogi da gefuna da fuskoki, a nuna ƙa'idar Euler: ɗigogi a cire gefuna a ƙara fuskoki, a sami 2.

Da Manim Community nake yi, a laptop mai RAM 8GB wadda ba ta da katin hoto na daban. Ga inda abin ya cije.

Idan fuskar kiyub ta fara buɗewa, tana zuwa tsakiyar tafiya sai ta gajarce, kamar an matse ta, sannan ta dawo daidai a ƙarshe. Na yi ta da `.animate.rotate`, na kuma yi ta da `Transform` daga kiyub zuwa shimfiɗa, duk abu ɗaya. Ga yaron da ake koya wa cewa fuskokin kiyub girmansu ɗaya ne, wannan ɓata darasi ne.

Na biyu, idan kamara tana zagayawa, wani lokaci fuskar baya takan yi tsalle ta hau kan ta gaba na ɗan ƙiftawar ido. Layin da na ratsa tsakiyar silinda kuwa kullum a sama yake, kamar ba a cikinta yake ba.

Na uku jinkiri. Da `-qh`, wato fitar da bidiyo a babban inganci, sashen ƙwallo kaɗai, mai daƙiƙa 20, yana cin lokacin da ya wuce hankali, ga wuta ba ta zama. Sannan ƙ da ɗ da ɓ suna tsayar min da aiki duk lokacin da na sa su a `MathTex`, mai rubuta lissafi a Manim.

Shin gyara zan yi a Manim, ko in tattara in koma Blender?

Malama_Kusurwa ta rubuta:

Wa alaikumus salam Malam. Matsalolinka biyu na farko ba kwamfutarka ba ce, haka Manim ke aiki, kuma duka suna da magani.

Tsukewar tukuna. `.animate` ba ya juya komai. Abin da yake yi shi ne ya duba inda kowane ɗigo yake a farko, ya duba inda zai tsaya a ƙarshe, sai ya ja shi a miƙe daga nan zuwa can. Ɗigon da ya kamata ya bi bakan da'ira sai ya yanke hanya. Ka ɗauki fuska mai tsawon 2 da za ta juya digiri 90. A rabin tafiya, nisan bakinta daga wurin naɗin zai zama 2 sau cos 45°, wato wajen 1.41. Ta rasa kusan kashi 29 cikin ɗari na tsawonta, shi ne matsewar da kake gani. Da digiri 180 ka sa, da a tsakiya fuskar za ta murƙushe ta zama layi ɗaya. `Transform` ma wannan hanyar yake bi.

Ka yi amfani da `Rotate`, ka ba shi abu uku: `angle`, da `axis` wanda ya bi tsawon gefen da fuskar ke manne a kai, da `about_point` wanda yake kowane ɗigo ne a kan wannan gefen. Idan ka manta `about_point`, fuskar a kan cibiyarta za ta juya, ta rabu da 'yan uwanta.

Shawarata, kada ka fara daga `Cube` kana ɓalle shi. Ka fara daga shimfiɗar a kwance, `Square` shida, ka naɗe su sama, in ya so ka juya lissafin don buɗewa. A kwance duk gefunan naɗi a kan x ko y suke, ba sai ka yi ta laluben alkibla ba.

Murfin shi ne mai rikici, domin a jikin fuskar da ita ma tana motsi yake manne. Idan ka sa `Rotate` biyu a kan abu guda cikin `play` ɗaya, za su yi ta ja-in-ja, na ƙarshe ya danne na farko. Hanya mai sauƙi: ka buɗe murfin tukuna, sannan ka haɗa shi da fuskar da yake manne da ita a `VGroup` ka kwantar da su tare. Idan kuwa kana so komai ya buɗe lokaci guda, ka ajiye kusurwar a `ValueTracker`. A kowane firem ka ɗauki sabon kwafi na shimfiɗar a kwance, ka fara juya murfin a kan nasa gefen, bayan nan ka juya murfin da fuskar da yake manne da ita tare a kan gefen gindi. Jerin nan ba a sauya shi: na can nesa tukuna, sannan na kusa da gindi. Kuma kullum daga kwafin asali, kada ka riƙa ɗora juyi kan juyin firem ɗin da ya wuce.

Digiri 90 ɗin na kiyub ne kaɗai. Ga sauran, ka cire kusurwar da ke tsakanin fuska da fuska daga 180. Mai fuska huɗu 109.47°, mai takwas 70.53°, mai goma sha biyu 63.43°, mai ashirin 41.81°. Kada ka rubuta su a yanke haka a cikin shirin, ka bar kwamfuta ta lissafa, misali na farkon 180° ne a cire arccos na 1/3. Idan ka yanke adadin, za ka ga 'yar kafa a bakin haɗuwa in kamara ta matso.

Sai fuskokin da ke hawa kan juna. Cairo, wato mai zanen da Manim ke amfani da shi idan ba ka ce komai ba, bai san zurfi ba. Dabarar mai fenti ake yi masa: a jera abubuwa daga na nesa zuwa na kusa, a shafa na nesa, a ɗora na kusa a kai. Nisan kowace fuska kuma da ɗigo ɗaya tak ake auna shi, cibiyarta. To babbar fuska tana iya kasancewa cibiyarta a baya, amma wani ɓangarenta yana gaban wata ƙarama. Kamara na zagayawa sai jerin ya sauya a firem ɗaya, ka ga tsalle. Fuska biyu da suka ratsa juna kuwa babu jerin da zai fitar da su daidai.

Layin silindarka wani abu ne daban. Kamarar Manim tana jera abubuwan da aka kunna musu `shade_in_3d` ne kawai. Duk wanda ba shi da wannan, ƙarshen layi ake kai shi, a zana shi a saman kowa. `Line` da `Square` na yau da kullum ba su da shi. Ka kira `set_shade_in_3d` a kan murabba'anka shida. Shi kuma layin, ko ka kunna masa ba zai isa ba, tunda dogo ne kuma cibiya ɗaya gare shi. Ka yayyanka shi gunduwa-gunduwa, kamar 20, kowace da nata matsayi a jerin. Manyan fuskoki ma haka, in suna tsalle: raba kowace zuwa ƙananan murabba'ai 4 sau 4, ka cire musu layin gefe, ka zana layin babbar fuskar daban.

Akwai `--renderer=opengl`, wanda ke auna zurfi a kowane fiksel, kuma yana kashe yawancin wannan matsala. Sai dai ba duk abin da ke tafiya a Cairo ne ke tafiya a can ba, ka gwada sashe-sashe kafin ka dogara da shi.

Injiniya_Raga ya rubuta:

Bayanin Malama daidai ne, amma ni ra'ayina duk abin da ke da jiki a yi shi a Blender, a bar wa Manim rubutu da lissafi. Yayyanka layi gida 20 don a yaudari mai zane aiki ne da ba ya ƙarewa. Blender kyauta ne, kuma tantance wanda ke gaba da wanda ke baya ba aikinka ba ne a can.

Malam, ka fara duba ko laptop ɗinka za ta ɗauka. Daga 4.0 Blender yana buƙatar OpenGL 4.3. Idan tsohuwa ce ta ƙi buɗe shi, ɗauki 3.6 LTS na 2023, kusan duk abin da zan faɗa yana ciki.

Kada ka taɓa Shape Keys don buɗe kiyub. Su ma a miƙe suke jan ɗigo, tsukewar nan za ka sake gani. Abin da ake yi shi ne a mai da kowace fuska kamar ƙyauren ƙofa. Fuska shida, kowacce abu mai zaman kansa. Ka shiga Edit Mode, zaɓi gefen da za a naɗe a kai, danna Shift+S ka zaɓi Cursor to Selected. Ka fito, sai Object, Set Origin, Origin to 3D Cursor. Yanzu cibiyar juyin fuskar ta koma kan gefen. Ka yi wa biyar haka, gindi ba ya motsi. Sai Ctrl+P: fuskoki huɗu na gefe su zama 'ya'yan gindi, murfi ya zama ɗan fuskar da yake manne da ita. Da ka juya fuskar, murfin zai bi ta da kansa, lissafin jerin da Malama ta yi bayani Blender ne ke yi maka. Kafin ka haɗa su ka danna Ctrl+A ka zaɓi Scale. Idan uban yana da miƙewar da ba daidai ba a ɓangarori, ɗan zai karkace yana juyawa, murabba'i ya koma kamar an ture shi.

Fuska mara kauri tana ɓacewa idan ta fuskanci kamara da gefenta. Ka sa mata Solidify mai kaurin 0.02 a kiyub mai tsawon 2, ka sa kaurin ya fita waje don kada su cije juna a kusurwa. Shimfiɗar kuma kada ta kwanta a daidai tsayi ɗaya da daɓen da ke ƙarƙashinta. Fuska biyu a wuri guda suna kokawa, a cikin masu zanen Blender, a Eevee ka ga walƙiya-walƙiya, a Cycles ka ga baƙaƙen tabo. Sauke daɓen ƙasa da 0.05. Idan walƙiyar ba ta daina ba, duba Clip Start na kamara. Idan ya yi ƙanƙanta ainun, kamar 0.001, ma'aunin zurfi yana ƙarewa a kan abin da ke dab da kamara, na nesa su rasa. Mayar da shi 0.1, ko ma 1 idan kamara tana nesa.

Fuskar da ta fito da duhu ita kaɗai ba dalili, galibi ta juya baya ne. Kunna Face Orientation a Overlays, wadda ta yi ja bayanta kake gani. A rufaffiyar siffa zaɓi duka ka danna Shift+N.

Silinda a nan ba wuya. Shimfiɗa mai faɗin 6.2832 idan r ɗinka 1 ne, ka yanka ta tsaye gida 48, ka sa Simple Deform a kan Bend, ka motsa kusurwar daga 360 zuwa 0. In ba ka yanka ba babu abin da zai lanƙwashe, domin raga, wato ɗigogi da gefuna da fuskokin da suka haɗa siffa, a kan ɗigoginta kawai take lanƙwasa. Idan ta murɗe ta wani gefe, sauya Axis, ko ka ba ta Empty a matsayin Origin ka juya shi.

Game da ƙwallo, akwai zaɓi biyu kuma ba darasi ɗaya suke bayarwa ba. UV Sphere kamar yadda take zuwa, yanka 32 da zobe 16, tana da ɗigo 482, gefe 992, fuska 512. Ico Sphere a mataki na 1 siffa ce mai fuska 20 cif, ɗigo 12, gefe 30. Kowane mataki yana ninka fuskokin sau huɗu: 80, 320, 1,280, 5,120. Don ƙa'idar Euler ita nake so, saboda yaro yana ganin siffar tana ta zama ƙwallo, adadin yana ta hauhawa, amsar tana nan 2: 42 a cire 120 a ƙara 80, ko 162 a cire 480 a ƙara 320. Ka bar ta a Shade Flat. Shade Smooth yana ɓoye fuskokin da kake so a ƙirga. Daga nan ka kawo Torus, mai kama da gammo, yadda yake zuwa 48 sau 12: ɗigo 576, gefe 1,152, fuska 576. Amsa sifili. Ramin tsakiya ne ya sauya ta, kuma yaro mai kaifin kai zai tambaya.

Abu biyu kafin ka fitar. A Color Management ka mayar da View Transform zuwa Standard. Filmic da AgX don hoto mai kama da na gaske aka yi su, suna kashe launi, farinka ya koma toka-toka, shuɗin Blender ya ƙi dacewa da na Manim. Sannan Cycles ba na wannan aikin ba ne, yana zuwa da samfur 4,096 a kowane fiksel. Eevee da 16 ko 32 ya wadatar. Workbench ma, wani mai zanen Blender, da launin kowane abu da Outline a kunne, yana ba da irin zanen littafin lissafi, kuma shi ne mafi sauri. Ka kunna Transparent a ƙarƙashin Film idan za ka ɗora hoton a kan abin da ka yi a Manim.

MaiAlli ya rubuta:

Allah ya saka da alheri, Malama da Injiniya. `Rotate` da `about_point` sun gyara tsukewar, `set_shade_in_3d` kuma ya zaunar da fuskokin. Kiyub zai zauna a Manim. Ƙwallo da gammon zan gwada su a Blender.

Saura jinkiri da haruffa. Kuma Injiniya, na raba kiyub gida shida a Blender don gwaji, sai Statistics ya nuna ɗigo 24, gefe 24, fuska 6. Wannan ai 6 ya bayar, ba 2 ba. A ina na kuskure?

Malama_Kusurwa ta rubuta:

Ba ka kuskure ba Malam. Da ka raba su, ba kiyub kake ƙirgawa ba, murabba'i shida ne masu zaman kansu, kowanne 4 a cire 4 a ƙara 1, wato 1, sau shida. Kowane lungu na kiyub ya zama ɗigo uku a wuri guda, kowane gefe ya zama biyu. Ka ajiye kiyub na biyu wanda ba a raba ba don sashen ƙirga: 8, 12, 6. Irin wannan na faruwa da ragar da aka shigo da ita daga fayil ɗin STL a wasu manhajoji, domin STL jerin alwatika ne kawai, kowacce da ɗigoginta. A Blender, zaɓi duka, danna M, Merge by Distance, zai manne su.

Ina ganin ma wannan ya cancanci daƙiƙa talatin a bidiyonka. Don buɗe kiyub sai an yanka gefe 7 cikin 12, biyar su rage a matsayin wurin naɗi. Shimfiɗar tana da gefe 19, ɗigo 14, fuska 6, amsa 1. Duk shimfiɗu 11 da kiyub ke da su haka suke bayarwa. Euler ya rubuta wa Goldbach wannan ƙa'ida a 1750 a kan siffofi rufaffu, saboda haka ka faɗa wa yaran sharaɗin a fili: rufaffiya, mara rami. In ba haka ba wani zai ƙirga a kan kwalin da ya buɗe a gida ya ce Malam ya yi kuskure.

Silinda a Manim, in ka fasa kai ta Blender: kada tsawon takardar ya sauya, lanƙwasar kawai za ka rage. Ka kira lanƙwasar k, ta tashi daga 1/r ta gangara. Ɗigon da ke nisan s daga layin tsakiya yana x = sin ks a raba da k, da z = 1 a cire cos ks, duka a raba da k. Kada k ya kai sifili, rabawa da sifili zai tsayar da shirin. Tsaya a 0.001, ido ba zai bambance ba. Yanka nawa? Da r = 1, zagayen mai gefe 12 shi ne 6.2117, mai 24 6.2653, mai 48 6.2787, shi kuwa 2π 6.2832. A allon waya 24 ya isa ya yi kama da da'ira, 48 ya wuce buƙata. A tsaye kuwa yanka ɗaya ko biyu, tunda ba ta lanƙwasa ta nan.

Ɗan_Tasha ya rubuta:

Malam, a kan jinkiri ka fara da lissafi kafin ka taɓa komai. `-qh` yana nufin 1920 sau 1080, firem 60 a daƙiƙa. Minti biyar firem 18,000 ke nan. `-qm` kuma 1280 sau 720 ne, firem 30, wato 9,000. Idan kowane firem na cin daƙiƙa biyu, na farko awa goma, na biyu awa biyar, tun ba a yi maganar fiksel ba, 2,073,600 da 921,600. Yaran a waya za su kalla, da datar da aka saya da ƙyar. 720 da firem 30 ya ishe su. Lokacin gwaji `-ql`, don duba tsayuwar hoto `-s` wanda ke fitar da firem na ƙarshe kawai, `-n 4,6` kuma don motsi na biyar zuwa na bakwai, tunda daga 0 ake ƙirgawa.

Amma a Cairo ba fiksel ne babban mai cin lokaci ba, yawan fuskoki ne. Kowace fuskar `Surface`, wanda Manim ke gina ƙwallo da silinda da shi, abu ne mai zaman kansa da Python zai lissafa wa matsayi da inuwa, ya jera, ya zana, a kowane firem. `Surface` yana zuwa da 32 sau 32, fuska 1,024. Ka rage `resolution` zuwa 16 sau 16, sun koma 256. Akwai kuma ɓoyayyen nauyi: `Dot3D` ƙaramar ƙwallo ce mai 8 sau 8, fuska 64. `Icosahedron` yana ɗora ɗaya a kowane lungu, 12 sau 64, fuska 768 don ado a kan siffa mai fuska 20. Sauya su da `Dot` na yau da kullum ko ka rage musu yanka.

Kamara mai zagayawa ita ma tana da tsada. Idan kamara a tsaye take, Manim yana ajiye hoton abin da ba ya motsi ya riƙa ɗora mai motsin a kai, `wait` ma hoto ɗaya yake maimaitawa. Da ka kira `begin_ambient_camera_rotation`, komai sai an sake zana shi. Zagaya na daƙiƙa biyar, yaro ya gane jiki ne da ita, sai ka tsayar ka yi bayani. Ga mai koyo ma ya fi, ba a ƙirga fuskokin abin da ke yawo. `always_redraw` a kan `Surface` kuma yana gina ragar daga tushe a kowane firem, ka ajiye shi don silinda kaɗai, inda siffar ke sauyawa da gaske.

Maganar wuta. Manim yana ajiye kowane `play` a matsayin guntun bidiyo a `partial_movie_files`, in an ɗauke wuta wanda ake kai kawai ka rasa. Amma guda 100 yake riƙewa, ya share tsofaffi, sai ka ɗaga `max_files_cached` ko ka raba aikin zuwa `Scene` uku, kiyub, silinda, ƙwallo. Rabawar ta fi. A Blender kada ka fitar kai tsaye zuwa MP4, in ya katse a tsakiya fayil ɗin galibi ba ya buɗuwa. Fitar da jerin PNG, ka cire alamar Overwrite, in ka dawo zai tsallake waɗanda ya gama. Ka goge hoton ƙarshe kafin ka ci gaba, wataƙila rabi aka rubuta. `blender -b darasi.blend -s 241 -e 480 -a` yana yi ba tare da buɗe tagar manhajar ba, RAM ɗinka ya huta. Sai ka haɗa:

`ffmpeg -framerate 30 -i %04d.png -c:v libx264 -crf 20 -pix_fmt yuv420p -movflags +faststart darasi.mp4`

Kada ka bar `yuv420p`, in babu shi wasu wayoyin baƙi za su nuna. Sai dai yana rage bayanin launi zuwa rabi a tsaye da a kwance, shi ya sa siririn jan layi a kan shuɗi ke dagulewa. Layin gefe ya zama fari ko baƙi, mai kauri. Kaurin 0.5 da `Surface` ke zuwa da shi ɓacewa yake bayan WhatsApp ya matse bidiyon, ka kai shi 2 ko ka cire shi gaba ɗaya. Firem ɗin Blender da na Manim su zama ɗaya, 30 da 30, domin Blender da 24 yake zuwa.

Injiniya_Raga ya rubuta:

Ƙari a kan na Ɗan_Tasha: idan ƙwallon za ta yi ta juyawa ba tsayawa a Blender, zaɓi maɓallan motsin a Graph Editor, danna T, zaɓi Linear. In ka bar Bezier za ta tashi a hankali, ta yi gudu, ta lafa. Don zagaye ɗaya na daƙiƙa huɗu da za a maimaita, sa 0° a firem 1, 360° a firem 121, ka fitar daga 1 zuwa 120. In ka haɗa da 121, hoto ɗaya zai zo sau biyu, a ga 'yar tangarɗa a kowane zagaye.

Haruffa kuwa, `MathTex` ta LaTeX, manhajar tsara rubutun lissafi, yake bi, kuma tsarin da Manim ke zuwa da shi bai san ƙ, ɗ, ɓ ba. Ka raba aiki: lambobi da alamomin lissafi a `MathTex`, kalmomin Hausa a `Text`, wanda ke ɗaukar salon rubutun da ke kan kwamfutarka. Noto Sans da DejaVu Sans da Andika duk suna da su, manya da ƙanana, har da ƴ da ake rubutawa a Nijar a inda Najeriya ke sa 'y. Ka faɗa wa `Text` sunan salon da `font`, kada ka bari ya zaɓa da kansa, don yakan aro harafi ɗaya daga wani salon, ka ga ƙ ta fi 'yan uwanta kauri a tsakiyar kalma. In dole sai kalmar ta shiga cikin lissafin, yi `TexTemplate` da `xelatex` da `.xdv`, ka sa `fontspec`. A Blender ma ka loda salon da kanka a sashen Font na rubutun.

Kuma duk rubutun da ka sa a `ThreeDScene` kwanciya yake a daɓe ya riƙa juyawa da kamara. Kanun darasi da ƙa'idar Euler ka ba su ga `add_fixed_in_frame_mobjects`, su manne a allo. Lambobin da ke kan ɗigogi, 1 zuwa 8, ka ba su ga `add_fixed_orientation_mobjects`, su bi lungunsu amma su ci gaba da kallon mai kallo. Su ba sa ɓuya a bayan fuska, saboda haka na lungun baya ka rage masa haske, ko ka bar fuskokin a `fill_opacity` 0.6 lokacin ƙirga don yaro ya ga inda lambar take zaune.